Zaren Inna da Masaƙar Hayin Kogi

Shekara biyar mahaifiyata ta yi tana kaɗa zaren likkafaninta a tsakar gidana, ni kuwa ina shiga ina fita ta gabanta da alƙalami a aljihun gaba, ban sani ba. Na ɗauka abin rage zaman banza ne irin na tsofaffi. Matata ta sani, maƙwabta sun sani, sai ni kaɗai da aka ce na yi boko.

Ni ne ɗanta na fari. A garinmu, can kudancin ƙasar Katsina, mace ba ta kiran sunan ɗan fari, ba ta zama hira da shi, ba ta roƙonsa komai. Tun da na yi wayo ban taɓa jin sunana a bakin Inna ba. In tana son a kira ni sai ta ce da matata, "Ki ce ma wancan tuwo na hucewa." In na durƙusa gaishe ta da safe, takan amsa tana duban bango. Ba ƙiyayya ba ce, kunya ce, da ita aka tashe mu, kuma ban taɓa jin zafinta ba. Sai dai ta sa duk abin da ke ranta sai ya bi ta wani kafin ya iso gare ni, wani kuma ba ya isowa.

Bayan rasuwar mahaifina na ɗauko ta na kawo ta Kaduna. Lokacin ina akawu kuma tafinta a ofishin gwamnatin Jihar Arewa da ke kula da ciniki da sana'o'i, a shekarun nan da ba a da zance sai na mulkin kai. Ina haya a Unguwar Shanu, gidan ƙasa mai ɗaki uku da zaure, da mangwaro ɗaya a tsakiya. Manyanmu suna can Unguwar Rimi cikin gidajen kwano masu lambu, ni kuma ina wucewa ta gabansu a kan keke ina zaɓar wanda zan shiga in Allah ya ɗaga ni. Inna ba ta taɓa son garin ba. Ta ce da matata wannan wane irin gari ne da ba kushewar kakan kowa a cikinsa, kowa baƙo, kowa da akwatinsa a ɗaure.

Abu ɗaya ta zo da shi wanda ya hana ta zama baƙuwa gaba ɗaya, shi ne kaɗi. Tana da 'yar gayauna a gida wadda mahaifina ya yankar mata, ƙaninta yana noma mata auduga a ciki, duk kaka ya aiko da buhu guda a jirgin ƙasa. Ita ke gurzarta, ita ke shiɓarta, ita ke kaɗawa. In na taso ofis na ci abinci, nakan shimfiɗa tabarma a gindin mangwaron in miƙe. Ita tana can bakin ƙofar ɗakinta, ta dangwali alli da yatsa, ta murza mazari, ya yi ta juyi cikin 'yar taskirarsa da wata ƙara siririya. Wannan ƙarar ce ke sa ni barci. Tsakanin barci da farke nakan ga hannunta na hagu yana ɗagawa sama a hankali, zaren yana fitowa daga farar audugar, hasken da ya ratso ganye yana hawa kansa yana sauka. Wani lokaci jiniyar jirgi ta taso daga wajen kogi ta haɗu da ƙarar mazarin, in rasa a Kaduna nake ko a garinmu, ko shekarata talatin ko biyar. Ban taɓa jin daɗin barci irin na waɗannan ranakun ba.

Akwai wani masaƙi a bakin layinmu, ɗan garinmu ne, ya girme ni da kamar shekara goma. Ubansa ne ya saƙa wa Inna zanen aurenta. Ya zo Kaduna neman abinci ya kafa masaƙarsa ƙarƙashin rumfar zana, zarensa ya miƙe can nesa ɗaure da kunkuru, wato dutsen nan da ake ɗorawa bisa katako ya riƙe zaren, yana matsowa kaɗan-kaɗan in saƙa tana ci. Kasuwa ba ta yi da shi. Garin akawuna da sojoji ne, kowa yadin kanti yake so, sai ɗan gwadon da yakan sayar lokacin sanyi. Da shi Inna ta yi magana tun shekarar da ta zo. Masaƙa sukan haɗa zaren mata biyar su saƙa tare, shi kuwa ya yi mata alkawarin ranar da ta gama, ba zai sa silin kowa cikin nata ba. Wannan ma daga baya na ji.

Wata damina sai takardu suka fara zuwa ofishinmu daga wani kamfanin saƙa na Ingila. Suna so su kafa masaƙa ta inji a Kaduna, a hayin kogi kusa da hanyar jirgi. Ni ke buga amsoshin a tafireta da yatsa biyu, na buga na sake bugawa har na haddace su. Abin da kamfanin ke so a fili yake: a ba su fili, a kai musu ruwa da wuta, a ɗaga musu haraji na 'yan shekaru har su tsaya da ƙafafunsu, sannan a ƙara kuɗin fito kan yadin da ke shigowa daga waje don kada a karya musu kasuwa. Gwamnati ita ma ta zo da nata. Za ta zuba kuɗinta ta zama mai hannun jari don a riƙa jin ta bakinta, audugarmu za a saƙa, kuma 'yan Arewa za a ɗauka a koya musu aikin.

An yi ta zama a kan wannan wata da watanni. Ministocinmu sababbi ne a lokacin, suna zaune cikin manyan riguna, sakatarorinsu Turawa suna bayansu suna miƙo 'yan takardu. Akwai wani minista dattijo wanda duk inda aka kai zancen sai ya dawo da shi wuri ɗaya: "Yaranmu nawa za ku ɗauka?" A yi bayanin inji, a yi bayanin ruwa, ya gyara rawani ya sake tambaya. Ni kuma ina tsaye ina juya magana daga wannan harshe zuwa wancan, kaina ya kumbura, ina ji kamar da yatsuna biyun nan nake gina masaƙar. Da rana tsaka nakan duba ta taga in hango hayin kogin, dajin ciyawa ne kawai da 'yan bukkoki, amma ni gine-gine nake gani da dubban mutane sanye da farare suna kwararowa kan gada.

Wakilin kamfanin wani gajeren Bature ne mai jar fuska, yatsansa ɗaya guntu, inji ya cinye tun yana yaro a masaƙar garinsu. Yana da wata ɗabi'a, duk tufar da ya gani sai ya murza ta tsakanin yatsu, har bakin rigar minista bai bari ba. Da ya ji uwata tana kaɗi ya ce sai na kai shi ya gani.

Ranar Asabar da hantsi na kawo shi. Inna ta fito zaure da lulluɓi, ta zauna a kaikaice ta ba mu gefe, ta ci gaba da aikinta kamar ba kowa. Ya tsuguna gabanta, gwiwoyinsa suna ƙara. Ya ja sili ɗaya daga mazarin ya ɗaga shi wajen hasken ƙofa, ya daɗe yana dubawa. Sannan ya tambayi lokacin da zare ya fi tsinke mata. Ta ce da rani, shi ya sa takan rufe audugar da jiƙaƙƙen tsumma ta yi kaɗin da sassafe. Ya yi dariya har da buga cinya, ya ce su ma inji guda za su kawo tun daga Ingila wanda ba shi da aiki sai fesa raɓa a cikin ɗakin, don wannan dalilin.

Tunda ba ta yi mini magana kai tsaye, sai ta dubi mazarinta ta ce, "A tambayi baƙon ga, garinsu babu masu sa tuhwa ne, da ya baro shi ya taho nan?"

Na juya masa. Ya zauna dirshan a ƙasa ya ce akwai, amma lissafin ne ya sauya. Audugarmu takan hau jirgin ƙasa zuwa Ikko, ta hau na ruwa zuwa garinsu, su saƙa, ta sake hawowa ta dawo, kuma duk inda ta sauka sai wani ya ci a kanta. Da can ba damuwa, don ba su da abokin takara. Yanzu mutanen Japan da na Indiya suna saƙa da araha suna kawowa har kasuwanninmu. Ga shi kuma ƙasar ta kusa komawa hannunmu, kuma duk gwamnatin da ta samu kanta, abin da take fara yi shi ne ta tsaya a bakin teku ta tsawwala wa kayan waje.

"Ka gaya mata," in ji shi, "mun san za a rufe ƙofa. Gara a rufe muna ciki."

Na gaya mata. Ta murza mazari, ta ɗaga hannu, ta naɗe zaren, sannan ta ce, "To ran da wani wuri ya hi nan araha hwa?"

Na so in tausasa tambayar, amma na ga yana jira, na faɗa masa yadda take. Ya sosa kai da guntun yatsan ya ce, "Ranar sai mu sake lissafi."

"Baƙon ga bai iya ƙarya ba," in ji Inna. "A ba shi hura." Can kuma ta ƙara, har yanzu da mazarin take magana, "Su kuma manyan namu, mi suka samu?"

Wannan ban juya masa ba, ni na amsa da kaina, da murya irin ta ofis. Na ce aiki ga yaranmu, na ce ci gaba, na ce nan da 'yan shekaru ba mai sauran wahalar kaɗi da hannu. Har yau in na tuna wannan maganar sai in ji kunya ta rufe ni. Ita dai ta ce, "Allah shi sa alheri," ta tattara taskirarta ta shiga gida.

Da gini ya yi nisa aka zo maganar ɗaukar ma'aikata. Dattijon ministan nan ya kafe cewa masaƙan gargajiya za a fara ɗauka, tunda su ne injin zai taɓa wa abinci. Baturen ya ce shi ba masaƙa yake nema ba, duk mai saurin yatsa da zai zo aiki kan lokaci ya ishe shi. Ministan bai janye ba, kuma ina ganin da kyakkyawar zuciya ya yi. Aka ba ni takarda aka ce in zaga unguwanni in rubuto sunayen masaƙa.

Sunan masaƙin layinmu na fara rubutawa, tun kafin in tambaye shi. Na je rumfarsa na jingine keke, na tsaya a kansa ina karanta masa albashin wata. Ya tsayar da ƙoshiya, wato ɗan kwalekwalen katakon da ke kai zare yana komowa, ya riƙe ta a hannu. Sai na ga ya waiga ya dubi ƙofar gidana, ya daɗe yana dubanta. Na ɗauka tsoron inji ne irin na mutanen ƙauye, na hau shi da faɗa. Na ce 'ya'yanka huɗu, rabonka da cinikin kirki tun sanyin bara, ga arziki ya zo har rumfarka kana waige-waige. Ya ce, "Haka ne, Malam." Ya dangwala yatsa a takardar.

Ya zo sallama da Inna ranar da zai koma hayin kogi da iyalinsa, don gadar ta yi nisa ga mai zuwa aiki da ƙafa. Ina gindin mangwaro ina jin su. Ta ce, "Sai yaushe?" Ya ce, "Gwaggo, ai Lahadi hutu ce. Ran da kika gama ki aiko." Ta sa masa albarka mai tsawo. Ya bar kayan saƙarsa a rataye cikin zaurena. Kwana uku bayan nan ban ji ƙarar mazari ba, na yi ta juyi a tabarma barci ya ƙi zuwa, amma ban tambayi dalili ba. A rana ta huɗu ƙarar ta dawo.

Aka buɗe masaƙa. Na shiga ɗakin injunan sau ɗaya tare da manya, ƙarar ta sa na ji ta har cikin haƙorana, farar ƙurar auduga tana yawo a sama tana sauka kan gashin ido. Akoko suka fara saƙawa, farin yadin nan mai ɗan duhu da ba a wanke ba. Mu da muka yi wahalar takardu aka ba kowannenmu bandir guda na saƙar farko. Na ɗauro nawa a bayan keke na ratsa gari a hankali don a gani, na kawo na ajiye gaban Inna. Ta shafa shi, ta kai hanci ta shinshina, ta ce da matata, "Ki ce an gode." Aka sa shi ƙarƙashin gadonta, ba ta sake taɓa shi ba.

A farkon daminar da ta biyo baya ta fara tari, ƙafafunta suka kumbura. Wata rana na dawo na tarar da kwando babba a ƙofar ɗakinta cike da dunƙulen zare, an rufe da farin ƙyalle, mazarin yana kwance a kai ba komai a jikinsa. Matata ta biyo ni ɗaki ta tsaya bakin ƙofa.

"Malam, akwai maganar da Inna ta hana ni faɗa, amma yau zan faɗa, in ya so ta yi fushi da ni. Zaren nan likkafaninta ne. Ta gama jiya."

Na zauna bakin gado. Ta ce Inna ta gaya mata tun zuwanta cewa abincin da take ci a Kaduna da albashi aka saya, ɗakin da take kwana na haya ne, ruwan ma na famfo ne. Tana so ta je gaban Ubangijinta cikin abu ɗaya da ya fito daga gonarta ya bi ta hannunta. Na ce to don me ba a gaya mini ba ranar da na rubuta sunan masaƙin? Ta ce ta so ta faɗa, Inna ta riƙe mata hannu ta ce kada a hana ɗan mutane abincinsa, kada kuma a kunyata wancan a ofis.

Raina ya ɓaci ƙwarai, na rasa wanda zan ji haushi sai kaina. Na ce a kawo zaren in sa a jirgi gobe zuwa Zariya, can masaƙa sun fi a ƙirga. Matata ta je ta dawo ta ce Inna ta ce a'a. Ba ta san hannunsu ba, za su haɗa mata da na wasu, kuma ta riga ta yi magana da mutum.

Washegari na hau keke na haye gada. Na jira a ƙofar masaƙa har aka busa tashi, mutane suka fito kawunansu fari fat da auduga. Da ƙyar na gane shi, ya yi ƙiba, yana sanye da gajeren wando. Sai da na ɗaga murya kafin ya ji ni, injin ya fara taɓa masa kunne. Na tambaye shi aiki. Ya ce, "Alhamdu lillahi, yara na ci suna ƙoshi. Amma ba saƙa nike ba, Malam, gadin zare nike. In ya tsinke in ƙulla." Da na gaya masa abin da ya kawo ni ya dafe kai ya ce Lahadi yana nan tafe.

Lahadin farko aka riƙe su aiki, don kasuwa ta buɗe, 'yan kasuwa suna layi da motoci suna jiran akoko. Ta biyu ya zo, muka sauke kayansa daga zaure muka tarar gara ta cinye itatuwan, sai ƙoshiya kaɗai ta tsira, ranar ta tafi wajen neman itace da ɗaure-ɗaure. Ta uku aka wuni ana ruwa. Ita kuwa Inna, duk in Lahadi ta zo takan sa a fito da ita bakin ƙofa tun da safe.

Lahadi ta huɗu gari ya waye tas. Ya zo tun rana ba ta yi zafi ba, ya kafa turaku a filin ƙofar gidana ya fara wadari, wato jan zaren daga wannan turke zuwa wancan don a jera tsawon saƙar. Muka ɗauko Inna ni da matata muka zaunar da ita a zaure ta jingina da bango. Ya yi ta tafiya yana komowa, zaren yana warwarewa daga dunƙule yana bin sa. Ƙasa a jiƙe take tana ƙamshi, zaren yana ta yawa har filin ya yi fari, iska tana ɗan kaɗa shi. Yaran unguwa suka zauna kan katanga suka yi tsit. Na dubi Inna, idonta yana bin sa in ya tafi, yana bin sa in ya dawo, leɓunanta suna motsi. Aikin hannunta na shekara biyar ne a shimfiɗe a rana, na kwanta kusa da shi kullum ina barci. A nan na ji ina son in yi mata magana, magana ta gaske irin wadda ban taɓa yi mata ba, amma ban san ta inda ake farawa ba. Na ce, "Inna, ko a kawo miki ruwa?" Ta ce da bango, "A'a."

Da la'asar ya naɗe wadarin ya rataye a zaure, ya ce Lahadi mai zuwa zai hau saƙa, in Allah ya yarda cikin 'yan makonni a gama.

Ranar Laraba da hantsi ta cika. Ina ofis ina buga takarda aka aiko.

Gawa ba ta jiran Lahadi. Malamin unguwarmu, dattijon da ke karantar da yara a layin bayanmu, shi ke yanka likkafani in an yi rasuwa. Ya zauna a zaure ya ce a kawo yadi. Na ɗaga kai na dubi wadarin da ke rataye bisa kanmu, na shiga ɗakinta na durƙusa na jawo bandir ɗin akokon daga ƙarƙashin gado. Da hannuna na kai masa. Ya auna da kamu ya yayyage, zane da riga da kallabi da mayafai. Da ya zo ɗinki ya kama bakin yadin zai zare sili, kamar yadda aka saba. Na ce ya dakata. Na miƙe na kamo bakin wadarin na tsinko sili ɗaya na ba shi. Ya dube ni, ya zura a allura. Abin da ya shiga ɗinkin bai fi kamu shida ba. Da shi muka kai ta kafin azahar.

Ranar Lahadi ina zaune a zaure ana karɓar gaisuwa, sai ga masaƙin. Labari bai kai masa ba sai da ya shigo unguwa. Ya yi gaisuwa, ya yi kuka kamar yaro. Sannan ya miƙe ya sauke wadarin ya fita da shi. Na ce ya bari, ai ba sauran amfani. Bai ji ni ba, ko kuma ya ji, ban sani ba. Ya kafa masaƙarsa inda take da, ya ɗora kunkuru, ya zauna. Hannunsa ya yi nauyi da farko, ƙoshiya tana suɓuce masa, can kuma ta dawo masa. Lahadi bayan Lahadi yana hayo gada da ƙafa, har kaka ta shigo, bai karɓi ko kuɗin goro ba.

Ranar da ya gama ya kawo mini farin a naɗe, ya ajiye, ya ƙi tashi. Ya ce akwai abin da ke damunsa tun ranar wadari. Gwaggo 'yar ƙaramar mace ce, ya san abin da zai ishe ta, kuma wannan zaren ya ninka shi har da ɗori. Ya ce tun shekara biyu kafin in zo masa da takarda ya gaya mata abin da ta tara ya isa, ta kawo ya saƙa, ta ce tukuna.

Na kira matata. Ta tsaya daga bayan ƙofar zaure ta ce, "Nata ta gama tuntuni, Malam. Sauran naka ne. Ta ce wancan dogo ne, zai ci zare, kuma ran da zai buƙata ba ta nan. So take a saƙa su a wadari ɗaya."

Masaƙin ya tashi ya fita a hankali.

Masaƙar hayin kogi ta yi zamaninta. Ta ciyar da dubban gidaje, wasu suka biyo ta suka kafa nasu, 'ya'yan masaƙin nan duk sun yi karatu da albashinta, kuma ban taɓa cewa ministan ya yi kuskure ba. Daga baya aka sake lissafi, kamar yadda Baturen ya gaya wa Inna. In na bi ta wajen yanzu shiru nake ji, ciyawa ta fito a bakin ƙofar. Na shiga gidan kwano a Unguwar Rimi kamar yadda na yi buri, na fita, na tsufa, na girmi Inna da shekaru masu yawa.

Rabin farin na ba da shi aka yi wa matata sutura da ta riga ni, don na san Inna ba za ta ƙi ba. Ɗaya rabin yana cikin akwatina, na nuna wa 'ya'yana inda yake. Duk shekara in damina ta wuce nakan fito da shi in shanya a inuwa don kada asu ya taɓa shi. Wani lokaci nakan kwanta kusa da shi a tabarma in auna da ido. Ta ƙara kusan kamu guda a kan tsawona, ko da yake ba ta taɓa tsayawa ta dube ni sosai ba.